Sharhi: Me Ɗan Kallo Yake Saye A Ƙofar Filin Ƙwallo?

A ranar Juma'a, 25 ga watan Maris na shekarar 2016, Gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da umurnin a buɗe ƙofofin Filin Wasa na Ahmadu Bello kyauta, domin jama'a su shiga su mara wa Super Eagles baya a karawarta da Masar ta neman gurbi a gasar cin Kofin Ƙasashen Afirka. Jama'a kuwa suka amsa kira. Kafin alƙalin wasa ya busa usur, filin da aka ce yana ɗaukar mutum 16,000 ya haɗiye abin da aka ƙiyasta ya kai 40,000. Waɗansu sun ɗare bisa turakun fitilu, waɗansu bisa allon nuna sakamako, waɗansu kuma suka zazzauna a ƙasa dab da layin fili, ta yadda ɗan wasa mai jifa sai ya nemi a matsa masa. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Aka tashi kunnen doki da ci ɗaya da ɗaya, daga bisani Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, watau CAF, ta ci Nijeriya tarar Dala 5,000.

Mutane da yawa sun ɗauki abin da ya faru a wannan rana a matsayin batun tsaro kurum, aka yi Allah wadai na kwana biyu, aka wuce wurin. To amma ga mai duban al'amura da idon kasuwanci, akwai abin lura da ya fi wannan. Ga haja wadda dubun dubatar mutane suka yarda su rufe shagunansu, su sha rana, har su jefa rayukansu cikin haɗari saboda ita, amma akasarinsu ba a karɓi ko kwabo a hannunsu ba, ba a ƙidaya su ba, ba a tanadar musu wurin zama ko ruwan sha ba, daga ƙarshe ma mai hajar aka ci tara. Babu ɗan kasuwar da zai tafiyar da shagonsa haka a Kantin Kwari ko a kasuwar Balogun ya kai ƙarshen wata. Ra'ayin wannan marubuci shi ne, lalacewar filayen ƙwallonmu ta samo asali ne daga ƙin ɗaukar ɗan kallo a matsayin abokin ciniki, kuma muddin ba a gyara wannan ba, duk biliyoyin da za a ƙara zubawa a siminti da kujerun roba za su bi ruwa kamar waɗanda suka gabace su.

Kada wani ya ce ai 'yan Nijeriya ba su saba biyan kuɗin kallon ƙwallo ba. Duk ranar Asabar da Lahadi, daga Agege zuwa Fagge, daga Sabon Ibadan zuwa Mararaba, matasa da magidanta suna biyan kuɗi su cunkushe cikin ɗakin langa-langa domin kallon Arsenal ko Barcelona a talabijin. Mai gidan kallon, wanda wataƙila ko sakandare bai gama ba, ya fahimci abin da manyan jami'an wasanni suka kasa fahimta. Yakan rubuta wasannin ranar da lokutansu a allo tun da safe, ya tanadi janareta da mai, ya kafa fanka, ya jera benci, ya ajiye mai sayar da ruwan sanyi a bakin ƙofa, kuma idan hoto ya ɗauke ya san ko dai ya mayar da kuɗi ko kuwa gobe a koma gidan maƙwabcinsa. Wannan mutum shi ne babban abokin hamayyar ƙungiyoyin gasar Firimiyar Nijeriya, kuma a halin da ake ciki ya fi su iya riƙe mai saye.

Dalilin bambancin a fili yake. Mai gidan kallo da kuɗin ƙofa yake ci da iyalinsa. Ƙungiyoyinmu kuwa, akasarin ashirin ɗin da ke buga babbar gasa mallakar gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars ta Kano, Enyimba ta Abiya, Rangers ta Inugu, Shooting Stars ta Oyo, da sauransu. Albashin 'yan wasa da kuɗin tafiye-tafiye daga baitulmalin jiha suke fitowa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka shugaban ƙungiya ya san wanda zai faranta wa rai shi ne wanda ya naɗa shi, ya kuma sa hannu a takardar kuɗi. Ko mutum 500 suka zo kallo ko 15,000, albashinsa ba ya motsi. Bugu da ƙari, filin kansa ba na ƙungiyar ba ne. Yana ƙarƙashin ma'aikatar wasanni ko wata hukuma ta jiha, ƙungiya baƙuwa ce da ke zuwa sau biyu a wata. Idan famfon banɗaki ya lalace, ƙungiya ta ce ba gidanta ba ne, ma'aikata ta ce ba a sakar mata kuɗi ba. Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin cewa kadarar da mai morarta daban, mai gyaranta daban, mai karɓar kuɗinta daban, ƙarshenta kango.

Tarihin gina filayenmu ma ya nuna wanda ake tunani sa'ad da ake zana taswira. Gasa ce ke sa mu gini: gasar matasa ta duniya ta 1999 ta sa aka gyara filayen Legas da Ibadan da Inugu da Kano da Kaduna da Bauchi da Fatakwal da Kalaba, Wasannin Afirka na 2003 suka haifar da babban filin Abuja mai ɗaukar mutum kusan 60,000, gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009 ta sa aka sake shafa fenti. Da zarar baƙi sun tafi, sai a kulle ofis. Babban Filin Wasa na Surulere, inda Nijeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema ta ɗaga Kofin Afirka a 1980, tun farkon shekarun 2000 aka juya masa baya, har a watan Afrilun 2023 ɗaya daga cikin turakun fitilunsa ya faɗi a cikin guguwa. Abin kunya ne a ce ƙasa mai jihohi 36, kusan kowacce da filinta, amma duk wasanninta na gida na neman shiga Kofin Duniya na 2026 sai a Uyo ta buga su, a filin Godswill Akpabio da aka buɗe a 2014, domin shi ne ya cika sharuɗɗan CAF.

Bari mu ɗan yi lissafi, domin masu karatun wannan shafi da lissafi suka fi yarda. Ƙungiyar ƙwallo a ko'ina cikin duniya hanya uku take samun kuɗi: abin da 'yan kallo suka kashe a ranar wasa, da kuɗin nuna wasa a talabijin, da kuɗin talla da sayar da riguna. Daga cikin ukun nan, na farko ne kaɗai ke hannun ƙungiya kacokan, kuma shi ke jan ragamar sauran, don kuwa babu kamfanin da zai biya kuɗi mai tsoka ya kafa allon tallarsa a gaban kujerun da ba kowa. A ƙaddara wata ƙungiya tana da magoya baya 10,000 da za su biya Naira 1,000 kowannensu. Wannan Naira miliyan 10 ke nan a wasa ɗaya. Gasar tana da wasanni 19 na gida, watau Naira miliyan 190 a kaka guda, tun kafin a sayar da ko ledar ruwa ɗaya. Kyautar da aka ware wa zakaran gasar a kakar 2024/2025, wadda Remo Stars ta lashe, Naira miliyan 200 ce. Ashe ke nan ƙungiyar da ta iya riƙe ƙofarta za ta iya samun kusan kyautar zakara kowace shekara, ko da a tsakiyar teburi ta ƙare. Wannan misali ne kurum, amma duk wanda ya taɓa ganin Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Pillars ke wasa, ko filin Nnamdi Azikiwe a 2016 sa'ad da Rangers ta ci gasa bayan shekara 32 tana jira, ya san mutum 10,000 ba mafarki ba ne.

To ina kuɗin suke shiga? Wannan marubuci ya taɓa ɗaukar ɗan wansa zuwa kallon wasan gasa a wani birni da ba sai an ambata ba. A bakin ƙofa wani ƙato ya karɓi kuɗinmu ya cusa a aljihu, ya ture mu ciki, ba tikiti ba rasit. Wanda ke bayanmu ya ba da rabin abin da muka biya ya shige. Wani kuma ya ambaci sunan wani babba aka sara masa. Mun tarar da filin ya kusa cika, amma na tabbata abin da ya isa hannun akantan ƙungiyar a daren nan bai kai kuɗin man motar 'yan wasa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin wannan ba ya bukatar wata fasaha daga ƙasar waje. A ƙasar da mai shayi ke karɓar kuɗi ta waya kuma mai na'urar POS ke zaune a kowace kwana, babu hujjar karɓar tsabar kuɗi a bakin ƙofa. A sayar da tikiti mai lamba tun kwana uku kafin wasa, ta waya da ta hannun dillalai a kasuwanni da tashoshin mota, a ba dillali ladansa, a daina sayarwa da zarar adadin kujeru ya cika, sa'an nan washegari a buga adadin waɗanda suka shiga da kuɗin da aka tara kowa ya gani. Wannan na ƙarshe shi ne zai fi wuya, domin akwai masu ci da duhun.

Ita kanta ƙofar akwai lissafinta. Littafin ƙa'idojin tsaron filayen wasa na Birtaniya, wanda aka fara bugawa a 1973 bayan mutum 66 sun mutu a turmutsitsin filin Ibrox da ke Glasgo a 1971, ya ƙayyade cewa kada a lissafa wa mashiga ɗaya fiye da mutum 660 a awa guda. Idan aka bi wannan ma'auni, mutum 10,000 suna bukatar mashigai 16 kafin su shige cikin awa ɗaya. A yawancin filayenmu ƙofa biyu ko uku ake buɗewa, saura an sa musu kwaɗo, wai don a rage masu satar shiga. Da mashiga biyu, mutum 10,000 sai sun yi fiye da awa bakwai a layi. Tun da ba wanda zai jira haka, sai a yi ta ture-ture, 'yan sanda su zaro bulala, 'yan sane su yi kasuwa, magidancin da ya zo da 'ya'yansa ya rantse ba zai ƙara ba. Mutum takwas da suka rasu a filin Olembe na Yawunde a ranar 24 ga Janairun 2022, a wasan Kamaru da Komoros, a bakin ƙofa suka rasu, a sabon fili fil da aka kashe wa maƙudan kuɗi.

Dangane da buɗe ƙofa kyauta kuwa, wadda 'yan siyasa ke so saboda tafi, ya kamata a faɗi gaskiya: ita ce hanya mafi tsada ta cika fili. A ranar 29 ga Maris na 2022 an tashi ma'aikatan gwamnati da wuri a Abuja, an rarraba dubban tikiti kyauta domin wasan Nijeriya da Gana. Da aka tashi ɗaya da ɗaya, Gana ta samu gurbin zuwa Ƙatar, sai jama'a suka kwararo cikin fili suka farfasa rumfunan 'yan wasa da allunan talla. FIFA ta ci tarar faran 150,000 na kuɗin Suwizalan, ta kuma sa aka buga wasa na gaba ba tare da 'yan kallo ba. Ba ana nufin wanda ya biya kuɗi ba ya fushi ba ne. Abin nufi shi ne, tikitin da aka saya yana da suna da lamba da kujera, ana iya gano mai shi, ana iya hana shi shiga gaba. Taron da aka tara kyauta kuwa ba shi da fuska. Gwamnan da ke son yi wa talakawa alheri sai ya sayi tikiti 2,000 a farashinsu ya ba 'yan makaranta, kuɗin su shiga asusun ƙungiya, adadi kuma ya tsaya inda injiniya ya ce.

Idan ɗan kallo ya samu ya shige, me yake tararwa? Bisa al'ada ana gina rumfar manya a yammacin fili, domin rana ta kasance a bayansu da yamma. Ma'anar wannan ita ce, talakan da ke zaune a gabas, a ɓangaren da ba rufi, rana a fuskarsa take tun daga ƙarfe uku har kusan faɗuwarta, kuma a Kano ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Shi ne mafi yawa, shi ne mai kiɗa da waƙa, shi ne kuma wanda ba a taɓa yi wa kasafi ba. Rufin kwano a wannan ɓangare, da famfunan ruwa, da banɗaki mai tsabta wanda aka ɗauki mutum biyu suna kula da shi tun daga buɗe ƙofa har rufewa, duka ba su kai kuɗin sayen ɗan wasan gaba ɗaya ba. Akwai kuma abin da masu zana filaye a Turai ba za su tuna mana ba: wasan da ake farawa ƙarfe huɗu yana faɗawa ne tsakanin La'asar da Magariba. Wurin alwala mai ruwa da shimfiɗar salla a cikin harabar fili zai sa mutum ya zo da wuri hankalinsa kwance, maimakon ya tsaya a masallacin unguwa sa'an nan kowa ya rugo ƙofa a minti goma na ƙarshe. Hatta cunkoson da muka yi magana a kansa zai ragu ta wannan hanya.

Sai batun mata da yara, waɗanda kusan babu su a filayenmu. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi da rufe ƙofa ga rabin masu saye. Ɓangare guda da aka keɓe wa iyali, mai mashigarsa da banɗakinsa, wanda aka hana shan taba da abin da ya fi taba a cikinsa, zai kawo mutanen da suka fi kowa kashe kuɗi, domin uban da ya zo da yara uku ba ya fita sai ya sayi lemo da gyaɗa da riga. Masu tsire da gurasa da fura da ke yawo a harabar fili a yau, suna ba wani ɗan-na-iya cin hanci kafin su shiga, a yi musu rumfuna masu lamba, su biya haya ta kaka guda ga ƙungiya, a san farashinsu. Su ma sun huta da kora.

Tsaro shi ne inda aka fi yin kuskure. Mun ɗauka tsaron fili shi ne a jibge 'yan sanda da bindigogi da barkonon tsohuwa. Mutanen Gana sun ga ƙarshen wannan tunani a ranar 9 ga Mayun 2001, sa'ad da aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo a filin Akara a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a kulle, mutum 126 suka halaka. Abin da fili ke bukata shi ne ma'aikatan da aka horar, masu riga mai launi, waɗanda suka san kowane lungu, suna nuna wa mutum kujerarsa, suna juya wa wasa baya suna kallon jama'a, kuma kowace ƙofar fita da mai tsaronta riƙe da mabuɗi. 'Yan sanda su tsaya a waje sai an kira su. Rashin wannan tsari kuɗi yake ci. A watan Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta farke ci a mintunan ƙarshe a Kano, waɗansu magoya baya suka auka cikin fili. Hukumar gasar ta ci Kano Pillars tarar Naira miliyan 9 da rabi, ta zabge mata maki uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida zuwa Katsina, tafiyar kimanin kilomita 170. Jaridu tarar suka fi ambata, alhali ita ce ƙaramar asara. Bisa lissafinmu na baya, kowane wasa ɗaya da aka buga a wani gari ya fi tarar tsada, ban da cinikin da masu a-daidaita-sahu da masu abinci da masu sayar da riguna na Ƙofar Mata suka rasa, waɗanda ba su jefi kowa ba.

Ingila da muke sha'awa a yau ta taɓa shiga halin da ya fi namu muni. A 1985 gobara ta kashe mutum 56 a tsohuwar rumfar katako a Bradford, a ranar 15 ga Afrilun 1989 kuma aka yi turmutsitsin Hillsborough wanda adadin mamatansa ya kai 97. Rahoton Mai Shari'a Taylor na 1990 ya ɗora laifi kan yadda ake ɗaukar ɗan kallo kamar dabbar da za a killace, ya ba da shawarar a sa kujeru a filayen manyan rukunai biyu. Gwamnati ba ta tsaya ga ba da umurni ba. Ta rage harajin cacar ƙwallo, aka juya rarar zuwa asusun gyaran filaye, ƙungiyoyi kuma suka ci bashi suka ƙara. Matsakaicin 'yan kallo a wasan Firimiya ya tashi daga kimanin 21,000 a kakar 1992/1993 zuwa sama da 40,000 a kakar 2024/2025. Arsenal ta bar Highbury mai ɗaukar 38,000 ta koma Emirates mai ɗaukar 60,000 a 2006 saboda kuɗin ranar wasa, Real Madrid kuma ta samu Yuro miliyan 248 daga wannan fanni kaɗai a kakar 2023/2024 bayan ta sabunta filinta.

A nan ne mai adawa da wannan ra'ayi zai ɗaga hannu, kuma yana da hujja. Zai ce gyaran Ingila ya zo da tsadar tikitin da ta kori leburori da 'ya'yansu daga filayen da kakanninsu suka cika, kuma a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama Naira 70,000 a 2024, bayan cire tallafin mai a 2023 ya ninka kuɗin mota, maganar mayar da ɗan kallo abokin ciniki wata hanya ce ta ce wa talaka ya zauna gida. Wannan tsoro gaskiya ne, bai kamata a yi masa dariya ba. Amsarsa tana ga Jamus, inda aka bar wuraren tsayuwa masu araha, har ɓangare guda na filin Dortmund ke ɗaukar mutum kusan 25,000 a tsaye, kuma a birane da yawa tikitin wasa shi ne tikitin bas da jirgin ƙasa na ranar. Ita ma Ingila ta dawo da wuraren tsayuwa masu kariya a 2022, kuma tun 2016 ta ƙayyade tikitin baƙi a Fam 30. Ka'idar ita ce a bambanta farashi. A bar ɓangaren jama'a da araha yadda ɗan acaba zai iya biya, a tsawwala a rumfar manya. A wurinmu abin a juye yake: ɗan acaba ne ke biya, mai babbar riga da 'yan rakiyarsa goma su shige rumfa mai inuwa kyauta. Da za a sayar da kujeru 500 na wannan rumfa ga bankuna da 'yan kasuwa na kaka guda, su riƙa kawo baƙinsu, kuɗin ya isa ya yi wa ɓangaren gabas rufi.

Akwai abu guda da rufi da famfo ba za su gyara ba. Tun a 1956 masanin tattalin arziki Simon Rottenberg ya nuna cewa abin da ɗan kallo ke saye shi ne rashin sanin wanda zai ci. Gasar da kowa ya ɗauka mai gida ne zai yi nasara, ko ta halin ƙaƙa, haja ce mai aibi, kuma ita ke haifar da tunanin cewa canjaras a gida zalunci ne da ya cancanci duka. Biyan alƙalan wasa haƙƙinsu a kan lokaci daga asusun gasa, da nuna kowane wasa ta yadda kuskure ba zai ɓuya ba, da tsayawa kan jadawalin da aka buga ba tare da ɗage wasa ana gobe ba, duk suna cikin abin da ake sayarwa a ƙofa. Ba wanda zai sayi tikitin kaka guda alhali bai san ranar wasa ba.

Alamun canji daga 'yan kasuwa suke fitowa. Kunle Soname ya gina wa Remo Stars filinta a Ikenne, ƙarami daidai jama'arta, kuma ƙungiyar ce ke da mabuɗinsa. Sporting Lagos, wadda Shola Akinlade na kamfanin Paystack ya kafa a 2022, ta nuna a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan cewa ana iya sayar da tikiti ta intanet, a yi kiɗa a hutun rabin lokaci, ma'aikacin banki ya zo da matarsa da 'yarsa. Ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2024, abin da ke tuna mana cewa kyan rumfa ba ya cin ƙwallo, to amma mutanen da ta jawo fili ba su taɓa tunanin kallon wasan gida ba kafin zuwanta.

Abin da ya rage shi ne gwamnatocin jihohi su saki mabuɗi. Ba lallai ne su sayar da filayen ba. Su ba da su jingina na shekara 15 ko 20 ga kamfanin da ƙungiya ke da hannun jari a ciki, ta hanyar tallar kwangila a fili, da sharuɗɗan da aka rubuta: adadin mashigai, da banɗakuna, da rufin ɓangaren jama'a cikin shekara biyu na farko, da iyakar farashin tikiti mafi araha, da binciken asusu kowace shekara, da ikon ƙwace jinginar idan aka saɓa. Shekara biyu ko uku ba za su isa ba, domin ba mai zuba jari a ginin da gwamna mai zuwa zai iya karɓewa kafin a mayar da uwar kuɗi. Shi kuma mai jinginar dole ya yi tunanin sauran kwanakin shekara, tun da wasannin gasa 19 ne kurum cikin kwana 365: shaguna a jikin katanga ta waje, da wurin ajiye motoci na kuɗi, da baje koli, da bukukuwan makarantu, da dambe da kokawa, a kuma hana duk wani taron da zai tattake ciyawa sai da shimfiɗa da kuɗin ajiya, ko da na jam'iyyar gwamna ne. Kafin a kai ga wannan, akwai abin da kowace ƙungiya za ta iya yi a wasanta na gida mai zuwa ba tare da jiran majalisa ba: ta cire kwaɗunan da ke sauran ƙofofi, ta ɗauki masu shara biyu, ta kuma buga adadin tikitin da ta sayar ranar Litinin.